Biyar Namu Ne, Bakwai Ɓarawo

Ya Mai Lambu, mijina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko, raɓar da ke kwana a bakin ganye, kurciyar da ta saba da tagata, kai kuma mafi taurin kai a cikin duk mazan da Allah ya sa wa albarka a hannu:

Ina gaishe ka gaisuwar matar da ke son ka kamar ranta, wadda kuma da za ta gan ka yanzu da sai ta fara jifan ka da takalmi kafin ta rungume ka. Lafiyata ƙalau. Ban rame ba, ban kwanta ba, ban zauna bakin ƙofa ina sharar hawaye ba, kada wani ya kai maka labarin da zai ba ka damar jin tausayina. Fushi nake yi, kuma fushin ya karɓe ni, har maƙwabta na cewa na ƙara haske.

Na san ba kai kake karanta wannan takarda ba. Na san kana zaune a kujerar nan ta barandar Yaya, can hawa na uku, ka juya fuska wajen titi kamar mai kallon motoci, ita kuma ta riƙe takardar nesa da hancinta tana karanta maka. Yaya, ina wuni. Ki yi haƙuri da aikin da na ɗora miki. Roƙona ɗaya ne, kada ki tsallake layi ko guda, na zagi ne ko na soyayya. Idan kin zo inda kunya za ta kama ki, ki yi gyaran murya ki kutsa ciki. Ke kika goya shi, babu abin da zan faɗa da ya kai abin da kika taɓa wanke masa.

Yau kwana goma sha tara ke nan da ka ɗauki ƙaramar jaka ka ce za ka je ka gyara wa Yaya tukwanen furenta. Tukwane shida ne a barandar nan, ya zumar rayuwata, na ƙirga su da kaina, biyu daga ciki ma furen roba ne. Kai da kake dasa shingen gida guda tsakanin hantsi da la'asar, tukwane huɗu ne suka cinye maka kwana goma sha tara? Shekara ashirin da uku ina aikin gyaran rubutu a maɗaba'a, ina kama wa marubuta ƙaryar da suka yi a shafi na goma suka manta da ita kafin shafi na ɗari. Kai da bakinka ka raɗa mini Jan Biro. Da wane ƙarfin hali ka miƙo mini labari mai rami irin wannan, ka zaci zan sa hannu in ce a buga?

Shekaranjiya kuma sai ga 'yarmu ta fari da goyonta, ta tsaya a ƙofar kicin tana murɗa bakin mayafi kamar wadda aka aiko da labarin rasuwa. Ta ce, “Umma, Abba ya ba ni saƙo, amma don Allah ki fara ajiye ludayin nan.” Na ce faɗi, ina jin ki. Wai ka ce in bar wa Mai Taki lambun, tunda ya daɗe yana zagayen sa, in tattara littattafaina in koma gidanta in riƙa rainon jika. Wai ka ce mace mai ilimi irina ba za ta ƙare rayuwarta tana 'yar jagorar makaho ba. Wai ka yafe mini, ni ma in yafe maka. Ka yafe mini me? Ludayin yana hannuna har ta gama, kuma ban jefe ta ba, don ba ita ce mai laifin ba. Na ajiye maka shi.

To bari in rage maka wahalar ɓoyo, na san komai. Na ga katin asibitin ido a ƙasan gwangwanin da kake ajiye irin furanni. Na ga maganin ɗigawa a rumfa, a bayan kwalaben maganin ƙwari. Mutumin da ba ya bambanta matarsa da labule daga taku biyar, shi ne ya jera maganin idonsa kafaɗa da kafaɗa da gubar kashe tsutsa! Idan wannan ne hankalin maza, na gode wa Allah da ya ba ni na mata. Na ɗauki katin na je na ga Likita, wata 'yar siririya mai tabarau da ba ta ɓata magana. Ta ga sunana inda ka rubuta wadda za a nema idan wani abu ya faru, ta zaunar da ni. Ta ce ruwan cikin idonka ne ya hau, yana danne jijiya sannu a hankali, babu zafi babu ja. Na hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama saura kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ta ce wannan ɗan bututun ana iya tsare shi da aiki idan an yi da wuri, kuma sau biyu tana ba ka rana kana ƙin zuwa. Ta ce, “Mama, mijinki ya iya gaisuwa, amma ba ya jin magana.” Na ce mata shekara ashirin da takwas ina neman wanda zai taya ni faɗin haka.

Sai dai ba katin ne ya fara faɗa mini ba. Rawaya ce ta faɗa mini.

Ka tuna ranar da na shigo lambunka da faɗa? Yaya, ke ba ki taɓa jin wannan daga bakina ba, shi kuma na san ya gyara labarin. Ina da shekara ashirin da uku, ina rungume da tukunyar wardi mai rawayan fure da na saya a wurinka wata biyu kafin nan, ganye duk ya zube, saura tsinke. Tun daga bakin titi na fara, na ratsa layukan tukwane da jawabi mai sakin layi uku da na shirya a kan masu sayar wa mutane matattun shuke-shuke. Kana tsugune kana cika leda da ƙasa. Ba ka ɗago ba. Ka miƙo hannu ka karɓi tukunyar, ka cusa ɗan yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, ka zaro ka shinshina, ka bi jikin reshen da babban yatsa daga gindi zuwa sama, sannan ka ce, “Sau nawa kike ba ta ruwa?” Na ce safe da rana da yamma, ina wani ɗaga kai. Ka ce, “Kin shaƙe ta, saiwar ta ruɓe. Amma ga toho ɗaya nan da rai. Bar mini ita.” Duk wannan fuskarka na kan ledar da kake cikawa. Na koma gida ina tafasa, kuma ba wardin ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, wani mai lambu da laka har gwiwa ya kayar da ni a magana ba tare da ya ga rigar da na ɓata awa guda ina zaɓa ba.

Bayan wata huɗu sai ga ka a ƙofar gidanmu da tukunya a kafaɗa. Ashe ka yanko wancan toho ɗaya ka yi masa abin da ku masu lambu kuke kira aure, ka dasa shi a jikin wardin daji mai ƙarfin saiwa. Ya kama, ya yi reshe, ya buɗe fure ɗaya tak, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ka ajiye a gabana ka ce, “Sau biyu a mako.” Wannan ne kaɗai baitin soyayyar da ka taɓa yi mini, ni da na haddace na mawaƙa ba iyaka, kuma har yau ban karanta wanda ya fi shi ba.

Da muka tare, ka dasa ta a gaban baranda, muka riƙa kiran ta Rawaya kamar 'yar gida. A gindinta ka koya mini darasin farko na sana'arka. Ka ce wardin daji da ke ƙasa ba ya mantawa da kansa. Lokaci-lokaci yakan turo nasa reshen daga ƙarƙashin ƙullin da aka haɗa su, reshe mai saurin girma, mai yawan ƙaya, wanda aikinsa kawai ya shanye ruwan na sama har ya kashe shi. Ka ce sunansa ɓarawo, duk inda aka gan shi datsewa ake yi. Na ce to yaya ake gane shi, tunda duk kore ne? Ka kama yatsana ka bi da shi kan ganye ka ce, “Ƙirga. Biyar namu ne, bakwai ɓarawo.” Namu faffaɗa ne mai santsi, 'yan ganye biyar a kara ɗaya. Na ɓarawo sirara ne, bakwai, masu kaushi. Na ƙirga sau uku a ranar, biyu daga ciki don kada ka saki yatsan ne. Mutum nawa suka roƙe ka reshen Rawaya tun daga lokacin? Matar nan mai doguwar mota sau uku tana dawowa, ka cika mata bayan mota da yasmin da furen takarda, mai ƙayar nan da ake shinge da shi, amma da ta nuna Rawaya ka ce, “Wannan ita kaɗai ce a duniya, kuma tana da mai ita.” Ina bayan taga na ji ka, ban taɓa faɗa maka ba.

Rawaya ta tsufa kamar yadda muka tsufa. Reshe ɗaya ya rage mata mai rai, bana kuma ɓarawo ya fito a gefensa, tsayinsu ya kusa zama ɗaya. Safiyar da ta gabaci tafiyarka ina tsaye a baranda da kofin shayi, ka fito da almakashi ka tsaya a kanta. Na ga hannunka na hagu ya tashi zai laluba. Sai ka ji ƙarar cokalina a cikin kofi, ka san ina kallo, ka mayar da hannun aljihu. Ka sunkuya kamar mai gani garau, ka datse. Reshen da ya faɗi yana ɗauke da fure uku masu shirin buɗewa. Ɓarawo na nan tsaye yana rausaya a iska.

Ka ɗauki reshen za ka jefa a kwando, yatsunka suka taɓa ganyen, na ga bayanka ya sandare. Biyar. Ka tsaya haka har shayina ya huce. Sannan ka kwantar da shi a kan bulo a hankali kamar mai kwantar da jariri, ka shiga rumfa ka ja ƙofa. Washegari ka tuna da tukwanen Yaya.

Saurara da kyau, ya ruwan sanyi a maƙogwarona, domin wannan ne abin da na zauna in rubuta. Ba makanta ce ta datse reshen nan ba. Hannunka ya san hanya, ya tashi zai yi aikinsa, kai ka hana shi, don kada matarka ta gan ka kana lalube. Kunyata ka ji. Ni? Ni da na wuni ina cire maka ƙaya a wuraren da Yaya ba za ta so in ambata ba, ranar da tsani ya zame da kai ka zauna cikin shingen furen takarda? Ni da na ga kukanka a kan bishiyar lemo da tsutsa ta cinye, na rufa maka asiri har yau? Me ya rage a jikinka ko a zuciyarka da ban gani ba, da har za ka sadaukar da Rawaya don ka ɓoye mini hannu mai lalube?

Ni ma ina da nawa kason, kuma zan faɗe shi a gaban Yaya. Wata shida ina ganin alamu. Kana zuba shayi a gefen kofi. Ka daina hawa babur ka ce gwiwa ce. Ka jera jajayen furanni cikin farare a filin makarantar nan, da shugabar ta yi magana ka ce sabon salo ne. Ni da waƙafi ɗaya ba ya ɓace mini a shafi ɗari uku, na ga wannan duka na yi shiru, na ce namiji ne, a bar shi ya faɗa da bakinsa. Na tsaya a baranda ina kaɗa cokali ina jiran girman kanka ya gaji. Da na sauko taku huɗu na riƙe maka reshen na ce ga ɓarawon nan, da ba mu kai nan ba. Wannan shirun shi ne kuskure mafi muni da ya taɓa wuce ni, kuma ba zan bari a sake buga shi ba.

Ka san yadda gidan nan yake babu kai? Yasmin ɗin da ke kan ƙofa ya buɗe gaba ɗaya, ƙamshinsa na shigowa har ɗakin girki, ina jin haushinsa kamar baƙon da ya zo da ado gidan makoki. Furen takarda ya haura katanga ya fara leƙen gidan maƙwabta, babu mai tsawata masa. Mai hawan nan mai shuɗin fure da ka ɗaura wa igiya ya kai ƙarshen igiyar, yana miƙa hannu cikin iska yana neman abin kamawa, kullum da safe in na gan shi sai in kau da kai, don na san wa yake kwaikwayo. Hularka na rataye a ƙusa. Tiyo yana naɗe yadda ka naɗe shi, ni kuwa da bokiti nake ban ruwa don ba na son in warware naɗinka. Da asuba ina farkawa in kasa kunne in ji ƙarar ruwa a kan ganye da tarin nan naka guda biyu, sai in ji tsuntsaye kawai, marasa kunya, suna harkarsu kamar ba abin da ya faru. Wa zan karanta wa mummunar jimlar da na kama a wurin aiki, ya yi dariya ba don ya gane ba sai don na ji daɗi? Wa zai taɓa goshina da bayan hannu, yadda yake taɓa ƙasar tukunya, ya ce yau kin bushe, zauna in kawo miki ruwa? Ina kewar ka kamar yadda saiwa ke kewar damina, a ɓoye, a ƙarƙashin ƙasa, inda masu wucewa ba sa gani. A sama kuwa ƙaya ce kawai, tambayi Mai Taki. Ya zo ranar Asabar yana auna layukan tukwane da ido, yana cewa, “Hajiya, aikin nan ya yi wa mace yawa.” Na ce masa gaskiya ne, shi ya sa nake neman wanda zai kwashe mini tarin takin da ya sauke mana wancan watan, rabinsa duwatsu. Bai gama shan ruwan da na ba shi ba ya tuna ana jiran sa.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba. A safiyar nan, kana jan ƙofar rumfa na sauko. Na ɗauki reshen daga kan bulo, na cire furannin da ganyen, na bar ɗan guntun kara a kan kowane toho, yadda na sha ganin kana yi. Na naɗe shi a jiƙaƙƙiyar takarda, shafi uku daga tarihin rayuwar wani attajiri da nake gyarawa, waɗanda duniya ba za ta yi kewar su ba. Na sa a leda, na ajiye a aljihun ƙasa na firiji kusa da karas. Kullum da safe sai na duba. Jiya na ɗan kankare ɓawon da farce, kore ne shar. Toho huɗu ne a jikinsa, ɗaya ya yi baƙi ranar Juma'a, saura uku. Kai ka faɗa mini reshen da aka yanke ba ya wuce wata guda a sanyi, ka yi lissafin kwanakin da kanka.

Ɓarawon kuma ban taɓa shi ba. Ina ba shi ruwa sau biyu a mako. Ya yi kaurin fensir, ɓawonsa na saɓulewa ba gardama, daidai yadda kake so idan za ka dasa toho. Saiwar da ke ƙarƙashinsa ita ce dai wadda ta ɗauki Rawaya shekara ashirin da tara, kuma za ta sake ɗaukar ta.

Na iya aikin, kada ka ce ban iya ba, hannuna bai taɓa rawa a kan layi ba. Amma ba zan yi ba. Na sha ganin ka kana yin sa kana gardamar ƙwallo da Mai Walda ta kan katanga, fuskarka na wajensa, yatsunka na tsaga ɓawo, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, suna ɗaga leɓensa da bayan wuƙa, suna zura toho, suna naɗe shi da robar tsohuwar tayar keke, ko sau ɗaya ba ka duba ba, har ka ci gardamar. Sau dubu nawa ka yi haka? Idan Rawaya za ta rayu, hannun da ya datse ta ne zai mayar da ita. Idan ba ka zo ba, zan bar tohon nan uku su yi baƙi ɗaya bayan ɗaya a gefen karas, sannan in aiko maka da su a ambulan. Ka san ni, ka san zan yi.

Kada ka zaci zaman jira kawai nake yi. Littafi uku na aro a laburare a kan zama da wanda ganinsa ya ragu, biyu shirme ne, ɗaya na da amfani. Cikin gida ban gusar da ko kujera ba, komai na inda ƙafarka ta san shi, 'yarmu ta zo za ta yi mini gyaran falo na kore ta. A lambu na ja duk masu ƙaya daga bakin hanya zuwa baya, tukwane arba'in da ɗaya, ni kaɗai, bayana na zagin ka har yanzu. Mai Walda ya kafa dogon ƙarfe na riƙewa daga baranda zuwa rumfa. Ya ce, “Hajiya, tsayin wa zan auna, mutumin ba ya nan?” Na ce auna ƙuguna ka ƙara taƙi ɗaya, na san inda hannunsa yake sauka. Ya ce in gaya maka ƙungiyarka ta sha kashi sau biyu tun tafiyarka, kuma ba shi da wanda zai yi wa dariya. Na dasa ɗoɗɗoya a kwanar farko, na'a-na'a a bakin famfo, lalle a ƙofar rumfa, yasmin kuwa dama yana ƙofar gida. Mutumin da ya gane ruɓaɓɓiyar saiwa da hanci ba zai ɓata a tsakanin waɗannan ba. Maganin ƙwari kuma yana cikin akwati da kwaɗo, makullin na wuyana.

Ka ce ba za ka mayar da ni 'yar jagora ba. Wa ya tambaye ka? Shekara ashirin da takwas wa yake nemo maka makulli da hula da almakashin da ke cikin aljihunka? Ni kuma, duk ranar da fushi ya rufe ni na tasam ma faɗa da duniya, wa yake kama gefen mayafina ya ja ni cikin layin furanni ya ce zo ki ga abin da ya buɗe yau? Ka ja ni shekaru ban ce ka wulaƙanta ba. Yanzu da layi ya zo kaina za ka ce ilimina ya fi ƙarfin riƙe hannunka? Me na karanta littattafan don shi, in ba don in san abin da ya cancanci a riƙe ba?

Ba zan yi maka ƙarya in ce za ka warke ba. Likita ba ta ce haka ba, ni kuma ba na ƙara wa marubuci abin da bai rubuta ba. Wataƙila bututun ya tsaya inda yake, wataƙila ya rufe duk da aikin. Idan ya tsaya, ina so abin da za ka riƙa gani ta cikinsa ya zama fuskata, da tamojinta da komai, da fure rawaya guda ɗaya. Idan ya rufe, zan karanta maka kowane littafi da ke gidan nan, har waɗanda kake barci a shafinsu na biyu. Zan faɗa maka launin kowane fure da safe, kuma ba zan yi maka kwalliyar magana ba, in ya yi muni in ce ya yi muni. Kai za ka ci gaba da faɗa mini wanne ke jin ƙishi, wanne na shaƙe da ruwa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka zauna a hawa na uku tsakanin furannin roba, ka bar ɗan hasken da ya rage ya tsiyaye don kada ka ɗora mini nauyi. Nauyin nawa ne, na riga na ɗauka, kuma ban ba kowa izinin sauke mini ba.

Ranar Laraba bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, lokacin da kake cewa ɓawo ya fi biyayya, zan zo da Mai Tasi. Zan sa ya danna hon sau biyu. Gwiwata ba ta son bene, amma idan hon biyu bai sauko da kai ba zan hau, kuma duk mazauna hawa ukun za su ji labarin tsani da shingen furen takarda dalla-dalla. Wuƙarka na wasa ta, robar na yanka ta. Ni zan riƙe ɓarawo in ɗora bakin wuƙa inda ka ce, kai ka yi sauran, ka laluba yadda ka ga dama, ina kallo, kuma ba zan kau da kai ba. Ranar Alhamis ƙarfe tara Likita na jiran mu. Na karɓo rana ta uku, na yi mata alkawari da sunana, ni kuwa ban taɓa bari a buga sunana a ƙarƙashin ƙarya ba.

Yaya, kin kusa hutawa, Allah ya saka miki da alheri. A cikin ambulan ɗin akwai ganye biyu a naɗe cikin tsumma mai laima, yau da safe na tsinko su, ɗaya daga jan wardin da ke bakin famfo, ɗaya daga ɓarawo. Idan kin kai ƙarshen takardar ki ajiye ta. Kada ki ce masa komai, kada ki ƙirga masa. Ki ɗora masa ɗaya a tafin dama, ɗaya a na hagu, ki juya fuskarsa ga bango in kin so. Idan ya ja numfashi uku bai faɗa miki wanne ne namu ba, ki riƙe ƙanenki, na yarda lambu ya fi ƙarfinsa, zan kira Mai Taki da kaina. Idan kuwa ya faɗa, kuma ni da ke mun san zai faɗa kafin ki janye hannu, ki sauko masa da jakarsa daga kan kabad.

Taka ce ni, ya Mai Lambu, jiya da yau da ranar Laraba da duk ranakun da za su biyo ta, da gani ko babu, a fushi ko a huce, har ranar da za a sa ɗayanmu a ƙasa, ɗayan ya riƙa zuwa yana ba wurin ruwa sau biyu a mako.

Jan Biro